Wasa na cijewa tun da bazara ta shigo, FPS kuwa bai sauka ba: ƙarin gudun ne ko wani abu?

Ɗan_Bukoki
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da zafi. Wata matsala ce ta hana ni sakat yau sati uku, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace.

Kwamfutar yayana ne ya aiko min daga Liyon ta Faransa a watan Nuwamba. Abin da ke cikinta: porosesa i5-9600K, kart mer (babban allon da komai ke haɗe a kai) Z390, RAM 16 GB sanda biyu DDR4 3200, RTX 2060, SSD 500 GB da tsohon diski 1 TB, alimantasiyon (mai raba wa kayan wuta) 550 W, ekaran 144 Hz. Tun can ya yi mata obakulok, wato ƙarin gudu fiye da saitin kamfani, ya kai porosesar 5.0 GHz a kan 1.35 V, kart girafik ɗin ma ya ƙara masa gudu ta MSI Afterburner. Ya ce shekara biyu ya yi da ita haka, ko tari ba ta taɓa yi ba.

Ni ma duk hunturu lafiya lau. Amma tun ƙarshen Maris, in na shiga wasa, minti 15 ko 20 na farko sumul, daga nan sai hoton ya riƙa cijewa kamar mai in'ina: ya tsaya ƙiftawar ido, ya fizga gaba. Lambar FPS (yawan hoton da ke fita a sakan ɗaya) kuwa na nan wajen 85, 90 a Warzone. FC 24 na yi, GTA V ma na yi. Jiya muna kunnen doki da ƙanena, na tsinke daga ni sai gola, hoton ya cije, da ya sake ni ƙwallo na hannun gola. Yaron nan har yanzu dariya yake min. Na sake direban Nvidia (manhajar da ke tafiyar da kart girafik) sau biyu, na rage ingancin hoto, ba abin da ya canza. Daga ina zan fara?

Tanko_Rezo
Wa alaikumus salam. Rezo ne, kada ka wahalar da kanka. Sabar Turai muke kamawa daga Yamai, ni ping ɗina, wato jinkirin layi, milisakan 130 zuwa 160 yake yawo, da magariba kuma kowa ya hau layi. Haka muke fama duka.

Ɗan_Bukoki
@Tanko_Rezo ai FC 24 ɗin a ɗaki ɗaya muke bugawa da ƙanena, manet biyu, ba intanet. Yana yi.

Sarkin_Manet
Maganin ciwonka PS5. Ka jona, ka kunna, ka buga. Ku masu kwamfuta rabin ranku a BIOS, shafin saitin kart mer, yake ƙarewa.

Injiniya_Harobanda
Tanko, cuta biyu ce masu kama da juna. In rezo ne, hotonka na tafiya daidai amma mutane ke ɓacewa su ɓullo a wani wuri, ko ka yi gaba a dawo da kai baya, ko ka harbi mutum harsashi bai shiga ba. In na'ura ce, duk ekaran ɗin ke tsayawa, ko ka juya linzami ba ya amsawa.

Ɗan_Bukoki, daina kallon lambar FPS, matsakaici ce kawai. A 90 FPS kowane hoto ya kamata ya fito cikin milisakan 11. In hoto 85 sun fito a kan kari, guda ɗaya ya ci milisakan 80, lambar za ta ce maka 86. Ka ga ba ta tona komai ba, amma idonka ya gani. Kamar direban da ya kai ka Doso cikin awa biyu ne, amma duk ƙauyen da ya zo sai ya taka birki ka bugi kujerar gaba. Lissafin lokaci daidai, wuyanka kuwa ya san abin da ya sha.

Tunda kana da Afterburner, RivaTuner mai nuna lambobi a cikin wasa na tafe tare da shi. Kunna zanen lokacin hoto a kan ekaran. Layin kwance ya kamata ya yi, duk inda ya yi tsini sama nan ne cijewar. Ka kuma sauke HWiNFO64, ka bar shi a buɗe, ka buga rabin awa, ka kawo mana mafi girman zafin porosesa, na kart girafik, da na VRM (masu ba porosesa wuta) in kart mer ɗinka na nunawa. Ka duba gudun porosesar ma, mafi ƙanƙanta.

MaiGyara_Katako
Kafin lambobin su zo, bari in faɗi abin da nake gani a shago duk bazara. Yayanka bai yi ƙarya ba. A Liyon ɗakinsa bai wuce digiri 20 ko 22 ba. Fanka da ƙarfen sanyaya ba sa ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki suke turawa ta kwashe zafi. In a can porosesar na kai 78 cikin ɗaki mai 22, tazarar 56 ke nan. Ɗauko tazarar nan ka kawo ta ɗakin kwano a Bukoki da ƙarfe uku na rana cikin Afrilu, ɗaki na 40: ka samu 96, ba mu ma sa lissafin ƙura da pat termik (man da ke tsakanin porosesa da ƙarfen sanyaya) da ya bushe ba. 9600K kuwa iyakarta 100. Da ta taɓa nan sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, ta ɗan huce, ta sake hawa 5.0, ta sake taɓawa. Hawa da saukar nan shi ne in'inar. Minti 15 na farko da kake ganin lafiya, ƙarfen ne da iskar cikin akwatin ba su gama ɗaukar zafi ba tukuna.

Intel ta fito da 9600K a 2018 tana 3.7 GHz, tana hawa 4.6 a kan ɗaya daga zuciyoyinta shida, 4.3 in duka shidan na aiki. Kai kuma an ɗaure maka duka shidan a 5.0 dare da rana.

Injiniya_Harobanda
Ƙari a kan na Malam: wutar da take ci ba bin volta take ɗaya bayan ɗaya ba, volta sau volta ne sau gudu. In muka ɗauka a 4.3 tana shan kusan 1.2 V, to a 5.0 da 1.35 V zafin da take fitarwa ya ƙaru da kusan rabi. Gudun kuwa kashi 16 cikin 100 kawai ya ƙaru.

Ba'adare_Tawa
Salamu alaikum mutanen Yamai. Wanga zance na Malam haka yake. Mu nan Tawa ƙurarmu ta hi taku. Bara da munka buɗe tawa bayan hunturu, abin da munka iske tsakanin hwanka da ƙarhen kamar bargo, wallahi da yatsa biyu na ɗago shi bai tsinke ba. Daga waje kuma ba ka ganin komi, sai ka cire hwankar. Amma in ja maka kunne: kada ka kai ta wurin mai hwaci ya busa maka da injin iskar taya, akwai ruwa cikin iskar nan. Suhular ƙarama ta hannu ka nema, ka hita da ita tsakar gida, ka riƙe hwanka da yatsa kana busawa. Ni na bar tawa tana juyawa tana kuka ina jin daɗi, bayan kwana biyu ta hwara ƙara kamar injin niƙa.

Turbo_227
To ga shi nan, an fara. Duk wanda ya kawo matsala sai a ce cire obakulok. Ku bi a hankali. 9600K zuciya shida ce, hanyar aiki shida, ba ta da ninkin da yawancin i7 da Ryzen ke da shi. Warzone na cinye shidan ƙurmus. Ka mayar da ita 4.3 ka ga cijewa ta gaske. Gyaran shi ne ya sami sanyaya mai kyau, ba ya karya wa doki ƙafa don yana haki ba.

MaiGyara_Katako
Turbo, ƙanena, ba wanda ya ce ya bar ta haka har abada. Gwaji ne. Likita ma sai ya ce ka dakatar da maganin gargajiya kafin ya gane abin da ke damunka. A mayar da komai yadda kamfani ya yi, a gani. In cijewar ta tafi, mun san inda gizo ke saƙa. In ba ta tafi ba, mun wanke obakulok ɗin, kai ma ka huta.

Alhaji_Tallaje
Ni gidan wasa gare ni, kwamfuta shida da PS huɗu, shekara bakwai. Ko ɗaya ban yarda a taɓa mata gudu ba. Amma abin da ba ku ambata ba kuran ne. Ɗana, da wane lokaci ta fi yi? Nan unguwarmu in zafi ya tsananta kowa ya kunna kilim, allurar regilata sai ka gan ta tana sauka ƙasa da 200, alhali 220 ya kamata. Tsohuwar alimantasiyon ga zafi ga kuran mara ƙarfi, me kake tsammani? Kana da regilata ko ondila?

Ɗan_Bukoki
Alhaji, ondila gare ni ƙarama, 650 VA. Da rana ta fi yi gaskiya, amma da dare ma tana yi.

Injiniya_Harobanda
Alhaji, da girmamawa, alimantasiyon ta zamani ba ta cika sa wasa cijewa ba. Yawancinsu an yi su ne su karɓi kuran daga 100 zuwa 240, a duba takardar jikinta. In ta gaza, kwamfuta ɗauke wa take ɗif ko ta sake tashi. Sai dai ondilar nan ta yi ƙanƙanta. 650 VA bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. RTX 2060 kaɗai wat 160 ne, ga porosesa da aka tura, ga ekaran. Ranar da kuran ya tafi kana tsakiyar wasa ba lallai ta riƙe ka ba.

Alhaji_Tallaje
Kai karatu ka yi, ni gani na yi. Akwai wadda na canza wa alimantasiyon ta daina.

Ƴar_Zongo
Sannunku. Ni ba ƴar wasa ba ce sosai, haɗa bidiyon biki da suna nake yi, amma na sha irin wannan. Tawa ba zafin porosesa ba ne, RAM ce. XMP, saitin BIOS da ke ƙara wa RAM gudu, shi ma ai obakulok ne, mutane na mantawa. 9600K a takarda 2666 ta sani, 3200 ƙari ne. Tawa tana lafiya har zafi ya shigo, sai Premiere ya riƙa rufewa ina tsakiyar aiki, ga amarya na kira kullum. MemTest86 mai gwada RAM na sa a kile na bar shi ya kwana, da safe na tarar da ja a ekaran. Na sauke daga 3200 zuwa 3000, shi ke nan.

Yaya Ɗan_Bukoki, ka danna Windows da R, ka rubuta eventvwr, ka shiga kundin sistem ka nemi WHEA-Logger. In ka ga lamba 19 tana maimaituwa, porosesar ce ke yin kuskure tana gyarawa a ɓoye. Kwamfuta ba ta faɗi ba, amma obakulok ɗin bai zauna ba.

Sarkin_Manet
Hajiya ta shigo da eventvwr, ni na fita. Mu haɗu a fada, shayi ya kusa.

Kasuwa_Wadata
Ina da Ryzen 5 5600 da kart mer ɗinta, sabbi a kwali, zuciya 6 hanya 12. Farashi mai sauƙi. A same ni ta ciki.

Shugaban_Zaure
@Kasuwa_Wadata talla ranar Asabar ce, ka sani. Wannan jan kunne na biyu ne.

Ɗan_Bukoki
Na dawo. Na buga Warzone minti 35, daga ƙarfe 2 da rabi. Porosesa: zuciya uku sun taɓa 100, sauran 97, 98. Layin da ke faɗin ko ta rage gudu saboda zafi ya ce eh. Kart girafik 83. VRM 106. Gudu mafi ƙanƙanta da na gani 800 MHz, har na ɗauka kuskure ne. Zanen RivaTuner da farko kwance, bayan minti 18 ya koma kamar haƙoran zarto. WHEA 19 na samu guda 14, duka daga watan Afrilu, kafin nan babu ko ɗaya.

MaiGyara_Katako
To gani ya kori ji. 800 ɗin nan ba kuskure ba ne, kuma ita ta fi ba ni tsoro. In porosesa ce ta rage don kanta, kaɗan-kaɗan take sauka, 4.7, 4.4. Faɗuwa ƙasa warwas zuwa 800 yawanci kart mer ne ya ja mata birki don VRM ya yi zafi. VRM su ne ƙananan kayan da ke kewaye da porosesa ta sama da ta hagu, su ke mayar da 12 V na alimantasiyon zuwa 1.35 ɗin da take sha. Ƙarfen sanyaya mai tsaye iskarsa ta sama take wucewa, ba ta taɓa su. Mai sanyaya na ruwa ma ya fi muni a nan, don ba fanka kusa da su sam. Shi ya sa, Turbo, ko ya sayi sanyaya na jika 60, in bai sa iska ta ratsa akwatin ba an gudu ba a tsira ba.

83 na kart girafik ma iyakar da aka sa masa ce, yana kai nan yake rage gudu ya tsaya a kanta.

Abin yi yanzu: ɗauki hoton kowane shafi na BIOS da waya tukuna, don ka iya komawa. Sannan ka mayar da shi saitin kamfani. A Afterburner ka danna maɓallin mayarwa, ka kashe wanda ke sa saitin ya tashi tare da Windows.

Turbo_227
Na yarda da VRM. Ban yarda laifin 5.0 ba ne, laifin 1.35 ne. Wasu 9600K na kai 4.8 da 1.25 ko ƙasa. Yayansa ya zuba volta ne don kada ya sha wahalar gwaji.

Ba'adare_Tawa
Ina kwamhutar take zaune? Ni tawa da hwarko cikin ramin tebur na sa ta, bayanta na jingine da bango. Iskar da ta hitar ita taka sake sha. Da na hiddo ta na aza bisa benci, digiri shida ta sauka ban taɓa komi ba.

Ɗan_Bukoki
@Ba'adare_Tawa kamar ka leƙo ɗakina. A ƙasa take, kan darduma, cikin lungu.

Amma jama'a akwai sabuwa. Na mayar da BIOS, cijewar nan mai tsanani ta tafi, zafi bai wuce 86 ba. Sai dai FPS ya faɗi zuwa 60 da ƴan kai, kuma wasan ya yi nauyi ko'ina. Turbo ya yi gaskiya ke nan?

Turbo_227
Na faɗa.

Ƴar_Zongo
Dakata Turbo, kada ka yi guɗa tukuna. Yaya, buɗe HWiNFO ko CPU-Z ka duba gudun RAM. Mayar da BIOS na kashe XMP, sandunan sun koma 2133 ko 2400. In ka ga 1066 ko 1200 kada ka firgita, rabin lambar yake nunawa. Saukar porosesa daga 5.0 zuwa 4.3 ba za ta cinye maka kashi ɗaya cikin uku na FPS ba ita kaɗai. Ka kunna XMP kawai, ka bar sauran. Ka duba kuma ko sandunan na rami na biyu da na huɗu daga porosesa. Kaya in sun yi doguwar tafiya wani kan cire ya mayar ba daidai ba.

Ɗan_Bukoki
1066 na gani. Na kunna XMP, ya dawo 80 zuwa 85. Allah ya saka da alheri ƴar uwa. Ramukan daidai suke.

Injiniya_Harobanda
Ka ga lissafin: 5.0 ɗin da ke dafa maka na'ura FPS biyar ko shida yake ba ka. Daga yanzu abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka buga rabin awa a wuri ɗaya da lokaci ɗaya na rana, ka rubuta a takarda. In ka canza uku tare ta gyaru, ba ka san wanne ba ne, baɗi ka sake faɗawa.

Kart girafik ɗin ma kada ka yi saurin mayar masa da ƙarin gudun memori. Irin memorin nan na gane kuskure a hanya ya sake aikawa, don haka maimakon ka ga hoto ya ɓaci sai ka ga lamba ta hau a Afterburner amma wasa na tangal-tangal.

Malamin_Lise
Ni abin da ke ba ni mamaki, yaro ya zauna ƙarfe 2 da rabi na rana cikin wannan zafi yana harbe-harbe a kwamfuta. Mutum ma a wannan lokacin rage gudu yake, bare ƙarfe. Wa ke biyan kuɗin kuran?

Ɗan_Bukoki
Malam, gwaji ne aka sa ni. Kuɗin kuran kuwa kada ka tono, Inna ta riga ta ce tun da akwatin nan ya shigo gidan katin kwanta ba ya kai ƙarshen wata.

Alhaji_Tallaje
Gaskiyar Inna. Ni da nake biya na sani. Shi ya sa nake ɗaure duk nawa a 60 FPS. Yaran da ke zuwa ba su taɓa ƙorafi ba, kuran ya ragu, fanka ba ta ihu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Turbo_227
Alhaji, 60 a kan ekaran 144? Ai gara ya sayar da ekaran ɗin.

Injiniya_Harobanda
Akwai gaskiya a maganar Alhaji, lambar ce kawai za a daidaita. Hoto 75 da ke zuwa a jere, kowane cikin milisakan 13, ya fi daɗin ido a kan wanda ke tsalle tsakanin 60 da 100. A RivaTuner ka sa iyaka ƙasa kaɗan da abin da na'urar ke iya riƙewa kullum. Porosesa ta sami sararin numfashi, zafi ya sauka. In ekaran ɗin na da FreeSync mai daidaita gudun ekaran da na kart girafik, katunan RTX na iya aiki da shi ta kebul ɗin DisplayPort, ka kunna a saitin Nvidia.

Ɗan_Bukoki
Rahoton yau. Na fitar da ita tsakar gida da sassafe. Abin da ya fito daga ƙarfen sanyaya sai da ƙanwata ta gudu da kwanon kokonta. Ɗaya daga fankokin gaba ashe ba ta juyawa ma, wayarta ta fita, ina jin tun a hanya. Pat termik ɗin ya bushe kamar laka, da ƙyar na goge da alkol. Na sa sabo gwargwadon ƙwayar wake, na ɗora akwatin a kan tebur nesa da bango. Yanzu porosesa 74, VRM 79, kart girafik 76, ƙarfe uku na rana. FC 24 sumul, na rama wa ƙanena 4 da 1. WHEA ba sabo.

Saura biyu. GTA V na yi har yanzu, musamman in ina gudu da mota. Warzone kuma da na shiga ya yi ta cijewa wajen minti goma sannan ya lafa, amma a inda mutane suka yi yawa yana ɗan taɓawa.

MaiGyara_Katako
Madalla. GTA ɗin a wane diski yake? In a tsohon 1 TB ne, to garin ne ba ya isowa da wuri in kana gudu. Mayar da shi SSD.

Pixel_Gamkalle
Ina karantawa tun jiya ban yi magana ba. GTA V na da wata cuta tasa: tsohon injinsa ba ya son FPS ya kai wajen 180 da ɗoriya, yana kai nan sai ya riƙa daskarewa, kuma i5 ya fi kamawa. Ka ce ka rage ingancin hoto don neman sauƙi, to wataƙila kai ka tura shi can. Mayar da ingancin sama ko ka ɗaure shi a 120.

Na Warzone na minti goman farko kuma, ka ce ka sake direba sau biyu. Duk sanda aka sake direba wasan sai ya sake harhaɗa shedojinsa, wato ƙananan lissafin haske da inuwa da yake ajiyewa don katinka. Akwai ma'auni da ke cika a shafin farko, ka bari ya kai 100 kafin ka shiga fili. In za ka sake direba nan gaba, ka cire tsohon da DDU cikin yanayin kariya na Windows, sau ɗaya, ka bar shi haka.

Ɗan_Bukoki
Duka biyun kun same ni. A tsohon diski yake, kuma komai na sa a ƙasa. Ma'aunin nan kuwa ban taɓa jiransa ba, na ɗauka ado ne.

Tanko_Rezo
Na inda mutane suka yi yawa ɗin nan dai rezo ne. Ku rubuta ku ajiye.

Turbo_227
Ba rezo ba ne, zuciya shida ce ta cika. Ka duba za ka ga duka a 100 cikin 100 a daidai wurin. Nan ne 4.7 ko 4.8 zai yi maka rana. Yanzu da kake da tazarar digiri 25, ka fara da 4.6 a kan duka, 1.22 V, ka gwada da manhajar gwaji ta OCCT awa ɗaya da rana tsaka, ba da asuba ba. In ta wuce ba kuskure, ba ta haura 85 ba, ka ƙara 100 MHz. Ka rufe Chrome da Discord da manhajar fitilun nan masu launi kafin ka shiga wasa, duk suna cin rabonsu.

Ƴar_Zongo
Kafin ya ƙara komai ya bar MemTest86 ya kwana tukuna a kan XMP. Ba wanda ya gwada RAM ɗin nan har yanzu, zato kawai muke tana lafiya.

MaiGyara_Katako
Ni dai in tawa ce, ba zan taɓa ta ba sai ruwa ya sauka. Mayu na gaba, kuma Mayu ba ta fi Afrilu sauƙi ba. BIOS ɗin na ajiye saiti fiye da ɗaya: ka yi na bazara, ka yi na hunturu. Disamba in ta zo ka hau 4.9 ma in kana so.

Ba'adare_Tawa
Saitin hunturu ya zo da suhular kusa, Malam. Sanyin da ƙurar tare suka zuwa.

Ɗan_Bukoki
Na gaya wa Yaya na sauke 5.0 ɗinsa. Saƙon murya ya aiko na minti huɗu, wai sati guda ya yi yana daidaita ta, mu ne ba mu iya riƙon kaya ba. Na tura masa hoton 106 na VRM da hoton ƙurar, ya gani bai amsa ba tukuna.

GTA na SSD yanzu, na ɗaure shi a 120, lafiya lau. Warzone na duba yadda Turbo ya ce: a wurin cunkoso shidan na kai 98, 100. Amma Tanko, a daidai lokacin alamar ɓatan fakiti ma ta fito a gefen ekaran sau biyu, don haka ban san wa zan bai wa gaskiya ba.

Tanko_Rezo
Alhamdu lillahi.

Injiniya_Harobanda
Raba su ba wuya. In layin RivaTuner ya yi tsini a lokacin, na'ura ce. In layin na kwance amma ka ji fizga, rezo ne. Da wifi kake ko da kebul? Ƙananan kile na wifi ɗin nan direbansu kan riƙe porosesa na ɗan lokaci, LatencyMon zai nuna maka.

Ɗan_Bukoki
Kile na wifi ne, na jika uku. Kebul ɗin sai na ratsa ɗakin Inna da shi, wannan kuma wata shari'a ce. Na sa MemTest86 tun bayan isha'i yadda ƴar uwa ta ce, ya gama zagaye na biyu cikin huɗu ba kuskure, sai kuran ya tafi. Ondilar ta riƙe minti shida ta mutu. Da waya nake rubutu yanzu daga kan tabarma a waje. In ya dawo zan sake sawa daga farko.

Alhaji_Tallaje
Nan Tallaje ma ya tafi. Wa ya ce ba kuran ba ne?